Kibiyar Da Ta Tsallake Darni

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da na gida da na dawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Yau labarin kaina na kawo muku, kuma labari ne da ba ya ƙara mini girma. Na daɗe ina juya shi a zuciya, in ɗauki alƙalami in ajiye, har na fahimci cewa kunya ce kawai take hana ni, alhali wataƙila wani zai tsira da abin da na kusa halaka da shi. Na nemi izinin dattijon da abin ya shafa, ya ce in rubuta, amma kada in ambaci sunansa.

Gadon kaka

Kakana na wajen uba maharbi ne, an san shi a Dinawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ya rasu a 2004, ina ɗan shekara 15. Aka raba gona, aka raba tumaki, amma bakansa da kwarinsa babu wanda ya waiwaye su. Suna nan rataye a ɗakin kakarmu, hayaƙi ya rine su, har ranar da na roƙe ta ta ba ni. Baka ne na icce mai tsirkiyar fata murɗaɗɗiya. A cikin kwarin akwai kibau 11, jikinsu na kyauro, bakinsu na ƙarfe mai kunne, irin wanda in ya shiga nama ba ya fita ta daɗi.

Da dare, in ya ji daɗin hira, kaka yakan ba mu labarin Dajin Gundumi, da garken barewa, da gwanki, da mazo. Yakan kwatanta mana yadda maharbi yake ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya yana sara ƙasa kamar tsuntsun, har ya kusanci nama ba ta ankara ba. Da na girma na shiga karatu, sai na ƙara wa wannan ƙauna dalili. Na karanta yadda maharban jama'ar Shehu suka tari dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. Ga Wurno nan kusa da mu, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837 aka binne shi. Ga kuma hadisin Uƙbatu bin Amir (RA) a Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya fassara ƙarfin da aka umurce mu da tanada da cewa harbi ne. Don haka duk hutun da na dawo daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, nakan cika buhu da ƙaiƙayi in jingine shi a bayan gari in yi ta gwaji, har hannuna ya ɗan faɗa. A raina ina ganin sunna nake rayawa, kuma gado nake riƙewa.

Sai dai dajin da kaka ya sani ya riga ya tafi. Gonaki sun ci gefensa, farin 1973 da na 1984 sun yi nasu, bindiga ta ƙarasa saura. Ni da nake jikan maharbi, ban taɓa ganin barewa tana kiwo a dawa da idona ba. Ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa barewarmu mai jan goshi cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Daga baya kuma wata masifar ta sauka. Tun harin da aka kai Tabanni a ƙasar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah a 2018, mutanen yankinmu suka san cewa daji ya samu waɗansu masu shi. Wanda ke da sha'awar farauta sai ya rasa inda zai kai ta, sai bayan gida. Ku riƙe wannan, domin nan ne tushen kuskurena.

Baƙuwar garka

Gidana yana bakin gari. A bayansa ina da 'yar garka, tsawonta bai wuce taku 40 ba, faɗinta kuwa 25. Akwai rijiya a ciki, nakan shuka kuɓewa da yakuwa da dankali da rani, abin da zai taimaki tukunya, domin albashin malamin Islamiyya kun san shi. Darnin kara ne ya kewaye ta. Ta arewa hanyar fadama ce, ta gabas kuwa bayan darnin akwai gidan wani dattijo, sa'an mahaifina, wanda muke kira Baba.

A azumin 2023, ana tsakiyar bazara, na fara tarar da ganyen dankalin an ɗage shi, kuɓewar an cinye mata kai. Na fara zargin awakin unguwa, har na kusa yi wa wani yaro faɗa. Da na duƙa na duba sawun a laimar bakin rijiya, sai na ga ƙananan kofato ne masu tsini, ga kuma 'yar ɓula a ƙarƙashin darnin arewa. Gada ce. Ciyawa ta ƙone a waje, ta ga kore a wurina, ta mai da garkata gidan cin abincinta na dare.

Ba zan ɓoye muku ba, farin cikina ya fi baƙin cikina. Ɓarnar ba ta kai ta kawo ba, amma Shaiɗan ya samu ƙofa. Ga nama ta kawo kanta har gida, ga bakan kaka, ga Sallah tana tafe. Kuma ina da hujja a hannu: filina ne, amfanina take ci.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ban fita da jahilci ba. Ni ne mai karantar da manyan ɗalibai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, kuma babin farauta mun wuce shi ba sau ɗaya ba. Na zauna na bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin jarrabawa. Farauta don wasa makaruhi ce, don ci kuwa halal ce. To ni ci zan yi. Dabbar ta zama ta dawa wadda ba a iya kama ta da hannu, haka take. A yi niyya, a ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya. Makamin ya zama mai huda jiki, domin hadisin Adiyyu bin Hatim (RA) ya nuna cewa abin da makami ya kashe da tsininsa ana ci, wanda ya buge da gefensa kuwa mushe ne. In an cim mata da sauran rai, a yanka ta. Na wasa wuƙa na soke a ɗamara. Na tuna maganar da aka yi a kan dabbar da ta ɓace wa maharbi har ta kwana. Na tuna ma cewa a Muhtasar na Halil an hana cin abin da aka harba da makami mai dafi, in ba a tabbatar ko kibiyar ce ta kashe ko dafin ba. Saboda haka na zazzage kwarin a hasken fitila, na zaɓi kibiyar da na ga bakinta fes. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, da dare, kuma a cikin gari?" Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na san abin da nake yi.

Daren sha huɗu

Bayan tarawihi, daren 14 ga wata, farin wata kamar rana. Na laɓe a gindin dogonyaro ta yamma da rijiya, sauro na cizona ina daurewa. Gari ya yi tsit, sai kukan jaki daga nesa. Wajen ƙarfe ɗaya na ga darnin arewa ya motsa. Ta shigo a hankali, 'yar ƙarama, ba ta kai akuya ba, tana taku tana tsayawa, kunnuwanta suna juyawa. Ta bi kunyar dankali har ta isa gefen darnin gabas, ta sunkuya. Tsakanina da ita bai fi taku 20 ba.

Na ja tsirkiya har kunne, na ce Bismillahi, na saki.

Gada ta fi ni sauri. Ƙarar tsirkiyar kawai ta ji, ta yi tsalle gefe, kafin in ƙifta ido ta fice ta ɓularta. Na ji kibiyar ta ratsa kara, daga nan ban ƙara jin komai ba. Na haska tocila a gindin darni ban gan ta ba. Na ce a raina ta nutse cikin kunya, da safe na nema. Na shiga gida ina jin haushin na yi kuskure, na kwanta, har barci ya ɗauke ni. Wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta tsallaka darnin nan ba.

Bayan sallar asuba, mutane sun watse, ina zaune a zaure da Alƙur'ani, sai na ji sallamar Baba. Ya shigo da abu a naɗe cikin tsumma. Muka gaisa, ya tambayi iyali da ibada kamar kullum. Sa'an nan ya warware tsumman ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Malam, wagga kibiya na san ƙirarta. Ta kakanka ta, Allah Shi jiƙanai."

Na ce, "Amin, Baba. Ina ka same ta?"

Ya ce, "Tashi mu tai ka gani."

Kun san bazarar Sakkwato, babu mai iya kwana cikin ɗaki. Iyalin Baba a tsakar gida suke shimfiɗa, yara kuwa a ƙarƙashin wata rumfa da ke jingine da darnina, don nan iska ta fi kaɗawa. Ya nuna mini dirkar rumfar. Ga ramin kibiya sabo, tsayin taƙi biyu daga ƙasa. A gindin dirkar ga tabarma ba a naɗe ba, inda jikansa ɗan shekara 6 ya kwana. Da yaron ya tashi zaune a wannan lokaci, ko da hannuna ya sauka kaɗan, da yau wani labarin nake rubutawa, in ma ina iya rubutu.

Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na durƙusa. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kibiyar, ya sa ɗan tsinke ya ɗaga zaren da aka naɗe wuyan ƙarfen da shi. Ga wani abu baƙi a daskare, kamar kwalta. Ashe yana saurayi ya riƙa wa kakana kwari. Ya ce dafin kwankwani ne, kuma a wuyan kibiya ake shafa shi, ba a tsini ba, tsofaffin maharba kuma ba su yarda da cewa yana mutuwa don ya tsufa ba. Ni da na duba tsini na yanke hukunci.

Ya ce, "Ɗana, kakanka bai taɓa jan baka ba sai ya san abin da ke bayan nama. Shi ne karatun farko da yak koya muna. Ku kuna da littafi, mu muna da wanga."

Na ba shi haƙuri da hawaye. Ya ce ya yafe, kuma bai gaya wa kowa ba, ko uwar yaron ba ta sani ba, don ya zare kibiyar tun kafin sahur. Ya ce malamin yaransu ne ni, ba ya son girmana ya zube a gari. Allah Ya saka masa da Aljanna. Ya rufa mini asiri a ranar da nake da ikon jefa gidansa cikin makoki.

Abin da na karanta ban gani ba

Ranar ban iya zuwa makaranta ba. Na zauna da littattafan nan dai da na dogara da su jiya, sai na ga abin da ya ƙara mini kunya: duk abin da Baba ya faɗa yana ciki. Ni ne na buɗe babi ɗaya na rufe saura.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa Annabi (SAW) ya umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe bakunansu da hannu, don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Ka duba, ya ɗan'uwa, wannan kibiya ce da take hannu, ba a ɗora ta a kan tsirkiya ba. To ina ga wadda aka saka da dare, ana fuskantar gidan mutane? Sun kuma ruwaito daga Abdullahi bin Mugaffal (RA) hani a kan jifa da tsakuwa da yatsu, da dalilin cewa ba ta kama nama, ba ta illata abokin gaba, iyakarta ta karya haƙori ko ta tsiyaye ido. A babin kisa kuwa, in malaman fiƙihu za su ba da misalin kisan kuskure, misalin da suka fi kawowa shi ne mutum ya harbi dabbar dawa ya samu ɗan Adam. Ni kaina na sha faɗin wannan misali a gaban allo. Hukuncin yana cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau take azumin wata biyu a jere. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, wato zinariya fiye da kilo 4. Dangina duka in an haɗa ba su da ita. Kuma ko an biya, wane raƙumi ne zai mayar wa uwa da ɗanta?

Da na yi wa kaina hisabi, sai na ga dukkan tambayoyin da na yi a daren nan a kan cikina suke. Shin naman zai halatta gare ni? Shin zan ci mushe? Na tsare haƙƙin tukunyata da sharaɗi shida, ban yi wa maƙwabcina tanadin ko ɗaya ba. Maganar nan da na riƙe, wai filina ne, ita ce ta rufe mini ido. Garkar tawa ce, gaskiya ne, amma iyakarta taku 40, kibiya kuwa tana iya tafiya fiye da taku 100, kuma ba ta san darni ba. Hukuncin halaccin farauta bai canja ba. Wurin ne bai dace da ita ba, kuma ƙa'idar hana cutarwa tana gaba da sha'awar nama.

Daga baya na karanta yadda abin yake a Amurka. Can wata dabba dangin barewa mai farar wutsiya ta yi yawa, ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30, tana shiga unguwanni tana cinye shuke-shuken gidaje, motoci suna karo da ita. Waɗansu garuruwa sun yarda a rage ta da baka, don kibiya ba ta kai harsashi nisa ba. Amma sai da lasisi da lokaci ƙayyadadde, kuma a wurare da yawa an ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin maharbi da gidan mutane. Yawanci maharbin yakan hau bisa itace ya harbo ƙasa, don in ya kuskure kibiyar ta nutse a turɓaya. In dabbar ta gudu da rauni ta faɗa filin wani, a jihohi da dama sai ya nemi izini kafin ya shiga. Su da dabbar ta yi musu yawa ke nan. Mu kuwa tamu ƙarewa take yi, har aka yi dokar tarayya a 1985 da ta taƙaita farauta da cinikin waɗansu namun daji. Gadar da na so in kashe, mai yiwuwa 'ya'yana ba za su ga irinta ba.

Bayan haka

Na kwashe kibau 11 ɗin na kai wa wani tsohon maharbi, ya cire bakunan ya sa su a wuta har suka yi ja, ya binne tokar. Bakan yana nan rataye a ɗakina. Ban bar harbi ba, sai dai yanzu nakan fita can bayan gari da rana tsaka, in jingina buhuna a gindin tudun rairayi, inda nake ganin gaba da baya. Garkar kuwa, ni da ɗalibai biyu muka saro ƙayar magarya muka toshe gindin darni, muka rataya gwangwanaye a igiya. Aikin wuni ɗaya ne. Da shi na fara, da ban tsoratar da kowa ba. Gadar ta sake zuwa sau biyu, na ga sawunta a waje. Da ruwa ya sauka dawa ta yi kore, ban ƙara ganinsa ba.

Yanzu in mun iso babin farauta a Risala, nakan rufe littafin in tambayi ɗalibai: mene ne a bayan nama? Sukan yi dariya da farko, har sai na ba su labarin dirkar rumfa.

'Yan'uwana matasa, na san da yawanku ba ku da baka. Amma akwai danƙo a aljihun ƙannenku, suna harbin kurciya a kan katangar mutane. Akwai bindigar toka da ake gwadawa a bayan gida, musamman yanzu da rashin tsaro ya sa makami ya yawaita a hannun samari. Kafin ka saki komai, ka ɗaga kai ka dubi abin da ke bayan abin da kake nufi. In ba ka gani, to ka sauke hannu. Kai kuma ɗalibin ilimi, in ka samu hukuncin da ya yi daidai da son ranka, kada ka yi saurin rufe littafi. Ka buɗe babin da ke maganar haƙƙin wani a kanka. Ka kuma tambayi tsofaffin unguwarku, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Yaron nan yana aji uku a makarantarmu yanzu, yana haddar Izu na biyu. Bai san komai ba. Kullum ya zo biya mini karatu, nakan dubi wuyansa da ƙirjinsa, in yi hamdala a ɓoye.

Allah Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinsa, Ya ba mu maƙwabta irin Baba, Ya sa mu zama irinsa ga namu maƙwabtan. Ya jiƙan kakanninmu, Ya mayar mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu da garuruwanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Ku sa ni cikin addu'a.